Tarihin Ma'anar Jin Daɗin Rayuwa a Wurin Al'ummar Latino ta Amurka

Gabatarwa

A shekarar 1986, wasu masana kiwon lafiyar al'umma guda biyu, Kyriakos Markides da Jeannine Coreil, suka wallafa wani nazari a kan mutanen kudu maso yammacin Amurka masu tsatson ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Abin da suka gano ya saɓa wa abin da aka saba karantarwa. Mutanen sun fi Turawan ƙasar talauci, karatunsu na boko bai kai nasu ba, kuma da yawansu ba su da halin zuwa asibiti. A bisa ƙa'ida, kamata ya yi a tarar cuta da mutuwar wuri sun yi musu katutu. Sai ga shi ta fuskar mutuwar jarirai da tsawon rai da cututtukan zuciya, matsayinsu ya fi kusa da na Turawa masu hali a kan na baƙaƙen fatar Amurka waɗanda suke tarayya da su a talauci. Masanan biyu suka kira wannan al'amari abin ɗaure kai, sunan kuma ya bi shi har yau.

Cikin dalilan da aka kawo don warware wannan ɗaurin kai akwai al'ada, wato yadda mutanen suke fahimtar zaman lafiya da jin daɗi. A wurin akasarin manyansu, mutum ba ya cewa yana lafiya alhali mahaifiyarsa tana kwance, ko ƙaninsa ba shi da aiki, ko tsakaninsa da ɗan'uwansa akwai gaba. Jin daɗi abu ne da ake riƙewa tare. Wannan fahimta tana da tarihi na fiye da shekara 500, kuma tarihin ne wannan maƙala za ta bi: inda ta samo tushe, yadda ƙaura ta gwada ƙarfinta, yadda masana suka fara raina ta kafin su yaba mata, da kuma nauyin da take ɗora wa masu riƙe da ita.

Su Wane Ne Latino?

Latino, ko Hisfanik kamar yadda takardun hukuma suka fi kira, laƙabi ne da aka tara al'ummu da yawa a ƙarƙashinsa, kuma bai daɗe ba. A 1976 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya tattara alƙaluma a kan mutane masu asalin ƙasashen Sifaniyanci. Ƙidayar 1980 ita ce ta fara yi wa kowane gida wannan tambaya, aka sami mutum miliyan 14.6. A ƙidayar 2020 adadin ya kai miliyan 62.1, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar. Kimanin shida cikin goma tsatson Meksiko ne, sauran kuwa sun fito daga Puerto Rico da El Salvador da Kuba da Jamhuriyar Dominika da Guatemala da wasunsu. A cikinsu akwai farare da baƙaƙe da ƴan asalin nahiyar, mafi yawa kuma ruwa biyu ne. Da yawansu sun fi son a kira su da sunan ƙasar kakanninsu. Saboda haka duk abin da za a faɗa a kan al'adarsu magana ce ta abin da ya fi yawa, domin likitan da iyayensa suka baro Havana a 1960 da mai tsinkar inabi daga tsaunukan Oaxaca ba su taso a duniya ɗaya ba.

Tushe na Farko: Ƴan Asalin Nahiyar

Lokacin da Hernán Cortés ya ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521, ya tarar da al'ummar Nahuwa, waɗanda aka fi sani da Aztek, suna da tsararren tunani a kan rayuwa ta gari. An san wannan tunani ta hanyar aikin Bernardino de Sahagún, wani malamin coci da ya iso Meksiko a 1529, ya shafe shekaru masu yawa yana zama da dattawa da ɗalibansa ƴan ƙasa suna rubuta abin da suka sani cikin harshen Nahuwatil. Aikin ya fito cikin littattafai 12, kuma yau yana ajiye a birnin Florence na Italiya. Littafi na shida ya ƙunshi jawaban da iyaye kan yi wa ƴaƴansu idan sun kai munzali.

Jawaban ba su yi wa yaro alƙawarin duniya mai daɗi ba. Sun siffanta ta da wuri mai santsi inda ko mai hankali yana iya zamewa, wurin ƙishi da yunwa da gajiya, wanda aka sanya dariya da barci da abinci a cikinsa don kada baƙin ciki ya kashe mutane. Abin da aka hori yaro ya nema shi ne tsayuwa da gindinsa: tsaka-tsaki a ci da sha da magana, girmama manya, da riƙe sana'a. Masanin Meksiko Miguel León-Portilla, a littafinsa na 1956 kan falsafar Nahuwa, ya nuna cewa kalmarsu ta gaskiya tana da dangantaka da kalmar saiwa. Mutumin gaskiya a wurinsu shi ne wanda ya yi saiwa a ƙasa.

Tsarin zamansu ya dace da wannan tunani. Gona mallakar calpulli ce, wato unguwa ta dangi, ita ke raba wa gidaje su noma. Akwai aikin gayya na wajibi don gyara hanya ko magudanar ruwa, wanda har yau yana nan a ƙauyukan jihar Oaxaca da sunan tequio. A tsaunukan Andes ma, al'ummun Kecuwa da Aimara suna da ayllu, dangin da ƙasa ta haɗa, da ayni, wato ka taya ni yau in taya ka gobe. Daga wannan gado ne ƙasar Ekwado ta shigar da kalmar sumak kawsay, rayuwa ta gari, cikin tsarin mulkinta na 2008, Bolibiya kuma ta bi sahu da irin tata a 2009. A duka wuraren biyu ma'anar ta haɗa da zaman lafiya da jama'a da kuma ƙasar da ake nomawa.

Tushe na Biyu: Sifaniya da Coci da Afirka

Sifaniyawan da suka tsallaka teku sun fito ne daga ƙasar da Musulmi suka yi mulki a sassanta tun daga 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, shekarar da Kolumbus ya yi tafiyarsa ta farko. Wannan dogon zama ya bar sawu a harshe. Kalmar ojalá, wadda mai magana da Sifaniyanci yake faɗa idan yana fatan wani abu, ta fito daga furucin Larabci mai ma'anar idan Allah ya so. Haka kuma har yau dattijuwa a Los Angeles ko San Antonio ba ta cika yin alƙawarin gobe ba tare da ta ƙara si Dios quiere ba, daidai da yadda Bahaushe yake cewa in Allah ya yarda. Mai irin wannan magana yana sane da cewa lafiya da arziki ba su hannunsa shi kaɗai.

Cocin Katolika ya zo da cibiyoyi biyu da suka yi tasiri ƙwarai. Ta farko ita ce compadrazgo. Idan za a yi wa jariri baftisma, iyaye sukan zaɓi namiji da mace su tsaya masa. A Turai abin da ya fi muhimmanci shi ne dangantakar yaron da waɗanda suka tsaya masa. A Latin Amurka kuwa, kamar yadda Sidney Mintz da Eric Wolf suka bayyana a nazarinsu na 1950, nauyin ya koma kan dangantakar manyan da junansu. Uban yaro da wanda ya tsaya wa yaron sun zama compadre, ba su ƙara kiran juna da gatsali, kuma kowanne yana da haƙƙin ya nemi rance ko masauki ko ceto a wurin ɗayan. Bayan da annobar agana da sauran cututtukan da Turawa suka kawo suka hallaka mafi yawan ƴan asalin ƙasa a ƙarni na 16, wannan hanya ta ba waɗanda suka rage damar ƙulla sabon dangi a madadin wanda suka rasa.

Ta biyu ita ce cofradía, ƙungiyar mabiya da ke hidimar wani waliyyi. Mambobi sukan tara kuɗi su yi bikin waliyyin duk shekara, su yi jinyar marar lafiya, su binne mamaci. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya zuwa Kuba, inda bauta ba ta ƙare ba sai 1886, sun kafa irin nasu da ake kira cabildo, kowace ƙabila da tata. Ta Yarbawa, waɗanda ake kira Lukumi a can, tana cikin waɗanda suka fi shahara. A waɗannan ƙungiyoyi aka adana kiɗa da harshe da addinin gida, aka kuma riƙa haɗa kuɗi ana fansar ƴan'uwa daga bauta.

A Meksiko, alamar da ta haɗa tsoho da sabo ita ce Maryamu ta Guadalupe. Bisa ga imanin Katolika, ta bayyana ga wani talaka ɗan ƙasa mai suna Juan Diego a tudun Tepeyac a 1531, ta yi masa magana da harshensa. Hotonta ne Miguel Hidalgo ya ɗaga a matsayin tuta lokacin da ya fara yaƙin neman ƴancin kai a 1810, kuma ranar 12 ga Disamba miliyoyin mutane suna ziyartar majami'arta. Addinin da talakawa suka rayu da shi ya koyar da cewa wahala tana cikin rabon ɗan Adam, jure mata daraja ce, biki kuma haƙƙi ne ko da aljihu babu komai. Shi ya sa farin ciki da baƙin ciki ba su zama kishiyoyi a wannan al'ada ba. A ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, iyalai sukan tafi maƙabarta da furanni da abincin da mamacinsu yake so, su kwana ana hira da kiɗa.

Ƙaura da Ƙungiyoyin Taimakon Juna

Farkon Latino na Amurka ba su yi ƙaura ba, iyaka ce ta tsallake su. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta tabbatar wa Amurka kusan rabin ƙasar Meksiko, har da Kalifoniya da Nebada da Yuta da mafi yawan Arizona da Sabuwar Meksiko. A 1898 Amurka ta karɓe Puerto Rico daga hannun Sifaniya, a 1917 kuma ta ba mutanen tsibirin shaidar zama ƴan ƙasa. Juyin juya halin Meksiko da ya ɓarke a 1910 ya koro ɗimbin jama'a zuwa arewa, inda suka shiga aikin layin dogo da haƙar ma'adinai da gonakin auduga.

A can suka tarar da ƙofofi a rufe. Ana biyansu ƙasa da abin da ake biyan Bature a aiki ɗaya, an ware wa ƴaƴansu makarantu, a wasu garuruwan Teksas har maƙabarta an raba. Sai suka koma ga abin da suka sani. Suka kafa ƙungiyoyin da ake kira mutualistas, waɗanda jikokin cofradía ne. Alianza Hispano-Americana, da aka kafa a Tucson a 1894, ta bazu cikin jihohin kudu maso yamma tana ba mambobinta inshorar rai da kuɗin jana'iza. A unguwar Ybor City ta birnin Tampa, masu naɗin sigari daga Kuba da Sifaniya sun kafa ƙungiyoyin da ɗan kuɗin mako yake ba mutum da iyalinsa damar ganin likita. Centro Asturiano, ta 1902, a wancan zamani tana da asibiti da maƙabarta da zauren wasa. Baƙaƙen ƴan Kuba, waɗanda dokokin wariya suka raba da ƴan'uwansu farare, sun kafa tasu mai suna La Unión Martí-Maceo. Abin lura shi ne duk waɗannan ƙungiyoyi sun haɗa magani da rawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. A ganinsu duka biyun lafiya ce.

A cikin gidaje kuma akwai tanda, wadda ita ce adashi: mutum goma ko sama da haka su riƙa zuba kuɗi duk mako, ɗaya ya kwashe. Masanin al'adu Carlos Vélez-Ibáñez, wanda ya rubuta littafi a kanta a 1983, ya nuna cewa jarinta shi ne confianza, wato amana. Babu takarda, babu kotu. Wanda ya ci amanar tanda ya yi asarar sunansa a unguwa, kuma wannan asara ta fi ta kuɗin girma.

Ƙarni na 20 ya yi ta gwada wannan igiya. A shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, an tasa ƙeyar ɗaruruwan dubban mutane zuwa Meksiko, da yawansu yara ne da aka haifa a Amurka. Daga 1942 zuwa 1964, shirin Bracero ya ba da kwangilar aikin gona kimanin miliyan 4.6 ga maza ƴan Meksiko, su zo su kaɗai, su bar mata da yara a gida. A nan ne aika kuɗi gida ya zama ma'aunin mutunci. Namiji yana kwana a bariki, yana sunkuye a gona daga safe zuwa yamma, amma idan aikensa ya isa, aka yi wa ɗaki rufi, yaro ya shiga makaranta, sai ya lissafa kansa cikin waɗanda suka dace. Kalmar da ake yawan ji a bakin baƙin haure ita ce salir adelante, wato a fita a ci gaba, kuma kusan kullum iyali ake nufi. A 2023 kuɗin da aka aika Meksiko daga waje ya haura dala biliyan 63. Ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya ma sun riƙa haɗa kuɗi don gina hanya ko asibiti a ƙauyensu, har gwamnatin Meksiko ta kafa shiri a 2002 inda hukumomi uku suka riƙa ƙara dala uku a kan kowace dala ɗaya da ƴan ci-rani suka tara.

Daga Raini Zuwa Yabo

Masanan Amurka na tsakiyar ƙarni na 20 sun kalli wannan al'ada a matsayin cikas. Oscar Lewis, a littattafansa kan iyalan Meksiko a 1959 da 1961 da na Puerto Rico a 1966, ya yaɗa ra'ayin cewa talauci yana da al'adarsa da ake gada, wadda ta ƙunshi sallama wa ƙaddara da rashin tanadin gobe. Wasu marubutan suka ƙara da cewa son dangi ne yake hana ɗan Meksiko ci gaba, domin ba ya iya barin gida ya bi karatu ko aiki. Matasan masana daga cikin al'ummar, irin su Octavio Romano, suka mai da martani a ƙarshen shekarun 1960 cewa an ɗora wa wanda aka zalunta laifin zaluncin. Tarihi ma ya ba su hujja. A 1966 ma'aikatan gonakin inabi ƙarƙashin César Chávez suka yi tattakin kwana 25 daga Delano zuwa Sacramento suna neman haƙƙinsu, tutar Guadalupe tana gaba. Imanin da aka ce yana sa mutum ya naɗe hannu shi ne ya fito da su kan hanya.

A shekarun 1980 masana halayyar ɗan Adam suka fara auna waɗannan ɗabi'u da sunayensu na asali. A 1984 Harry Triandis da Gerardo Marín da abokan aikinsu suka yi nazari a kan sababbin kuratan sojan ruwa, suka tarar cewa Latino sun fi sauran sa ran fara'a da karamci a mu'amala, sun kuma fi kauce wa fito-na-fito idan an sami saɓani. Suka kira wannan simpatía. A 1987 Fabio Sabogal da abokan aikinsa suka karkasa familismo, wato fifita dangi, gida uku: jin wajibcin taimakon dangi, sa rai ga taimakonsu, da ɗaukarsu a matsayin madubin hali. Akwai kuma respeto, sanin girman na gaba da matsayin kowa. Kalmar educación ita ma tana da faɗi: idan aka ce mutum bien educado ne, tarbiyyarsa ake yabo, ko da bai taɓa shiga aji ba, mai digiri kuma yana iya rasa wannan yabo.

Binciken da aka yi a ƙasashen asali ya ƙarfafa wannan hoto. A ƙuri'un jin ra'ayi na kamfanin Gallup kan dariya da hutu da jin ana girmama mutum, ƙasashe irin su Paraguwai da Panama sun sha zuwa kan gaba a duniya. Masanin tattalin arziki Mariano Rojas, a rahoton farin ciki na duniya na 2018, ya nuna cewa mutanen Latin Amurka suna bayyana gamsuwa fiye da yadda kuɗin shigarsu zai sa a zata, duk da cin hanci da aikata laifi da tazarar mai kuɗi da talaka, ya kuma danganta hakan da yawa da ɗumin hulɗar dangi da abokai. A rahoton 2025, Kosta Rika ta zo ta 6, Meksiko ta 10, Amurka kuwa ta 24.

Warware Ɗaurin Kai

Ba kowa ya yarda al'ada ce kaɗai ta haifar da abin da Markides da Coreil suka gani ba. Wasu sun ce mai ƙoshin lafiya ne yake iya ƙaura tun farko. Wasu suka ce tsofaffi da marasa lafiya sukan koma gida su mutu, kamar kifin salmon da ke komawa rafin da aka ƙyanƙyashe shi, don haka mutuwarsu ba ta shiga lissafin Amurka. A 1999 Ana Abraído-Lanza da abokan aikinta suka gwada wannan zato da ƴan Kuba, waɗanda komawa gida take yi wa wuya, da ƴan Puerto Rico, waɗanda ko sun koma mutuwarsu tana cikin lissafi. Suka tarar su ma suna da wannan fifiko. Ƙarancin shan taba a tsakanin baƙin haure ya bayyana wani babban kaso. A 2004 kuma Karl Eschbach da abokan aikinsa suka nuna cewa tsofaffi masu tsatson Meksiko da ke zaune a unguwannin da ƴan'uwansu suka yi yawa sun fi daɗewa a duniya, ko da yake unguwannin na talakawa ne. A 2019 tsawon ran da ake sa wa Latino ya kusa shekara 82, na Turawan ƙasar kuwa ya kusa 79.

Nauyin da Ke Cikin Zumunta

Igiyar da ta riƙe mutum ita ce kuma take ɗaure shi. Jinyar tsofaffi da renon yara da girkin biki mafi yawa a kan mata suke. A 1973 Evelyn Stevens ta ƙirƙiro kalmar marianismo don siffanta tsammanin da ake yi wa mace ta yi haƙuri ta sadaukar da kanta, ta haɗiye abin da ke damunta. Son a rabu lafiya yana iya sa mutum ya ce wa likita komai daidai alhali ba haka ba ne, tsoron zubar da mutuncin gida kuma yana hana neman maganin ciwon damuwa. Sau da yawa damuwar takan fito ta wata kafa da al'ada ta yarda da ita, kamar ataque de nervios, inda mutum yake ɓarkewa da kuka da ihu da makyarkyata, galibi bayan mutuwa ko rikici a cikin gida. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi ya ambaci wannan yanayi tun bugun 1994.

Akwai kuma abin da zama a Amurka yake yi wa al'adar. A 1998 William Vega da abokan aikinsa suka yi bincike a gundumar Fresno ta Kalifoniya, suka tarar kimanin kashi 25 cikin ɗari na waɗanda aka haifa a Meksiko sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye, a tsakanin waɗanda aka haifa a Amurka kuwa adadin ya kai kashi 48. Ƴaƴan sun fi iyayen kuɗi da Turanci da takardun zama, amma hankalinsu bai kai na iyayen kwanciya ba. Addini ma yana sauyawa: cibiyar bincike ta Pew ta nuna cewa manyan Latino masu bin Katolika sun ragu daga kashi 67 a 2010 zuwa kashi 43 a 2022, marasa bin kowane addini kuma sun ƙaru daga kashi 10 zuwa 30. Tsaurara tsaron iyaka tun daga shekarun 1990 ya yanke zirga-zirgar da ma'aikata suka saba yi duk shekara, har ya zama mutum marar takarda yana iya shafe shekara 20 bai ga mahaifiyarsa ba, ya kalli jana'izarta ta wayar salula. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ga shi an ɗaure ƙafar.

Annobar korona ta bugi al'ummar ta inda ƙarfinta yake. Gidajen da kaka da ɗa da jika suke kwana tare, da ayyukan gona da mayanka da gine-gine waɗanda ba a yinsu daga gida, sun buɗe wa cutar hanya. Daga 2019 zuwa 2021 tsawon ran Latino ya faɗi da kimanin shekara huɗu, kafin ya farfaɗo zuwa 80 a 2022.

Kammalawa

Abin da Latino suke kira rayuwa mai daɗi ya ginu ne a wuraren da mutum shi kaɗai ba ya tsira: bayan yaƙi da annoba a ƙarni na 16, cikin bauta a Kuba, a barikin ƴan kwangila, da unguwannin da hukuma ta juya wa baya. Kowane zamani ya ba shi sabuwar cibiya, daga calpulli zuwa cofradía, daga mutualista zuwa ƙungiyar ƴan gari, amma ma'aunin bai sauya ba, wato halin da naka suke ciki. Nazarin Sabogal na 1987 ya gano cewa yayin da mutum ya daɗe a Amurka, jin wajibcin dangi da ɗaukarsu madubi suna raguwa, amma tabbacin cewa dangi za su tsaya masa ranar wuya yana nan yadda yake. Yawancin Latino na yau a Amurka aka haife su, saboda haka makomar wannan gado tana hannun jikokin da da yawansu Turanci ya fi kama bakinsu. Likita ko mai bincike da ya tambayi dattijo Latino lafiyarsa ya tsaya a nan, rabin amsa ya samu. Gaisuwar mutanen da kanta ta nuna sauran, domin bayan an tambayi mutum yadda yake, abin da ke biyowa shi ne a tambaye shi iyali.